Wankan Jego a Gindin Tankin Mai

Tun da muka dawo, ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Matan unguwa su zo barka da sauka, su sha zamzam, su ci dabino, sannan su gyara zama su ce in ba su labari. Sai in ba su na teku da na raƙuma, su yi dariya su watse. Amma da zarar wata ta tambayi ƙanena Sule da iyalinsa, sai in tuna na bar tukunya a kan wuta. Na gaji da wannan kewaye-kewaye. Tun da Allah ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta shi sau ɗaya, mai karatu ya karanta wa sauran. Labarin aikin hajji kuwa ku nemi maigidana Malam, ya fi ni riƙe shi.

Sule uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Inna ta rasu yana nono, a bayana ya girma. Yana saurayi ya bi alhazai, ya zauna Jidda yana dako a tashar jiragen ruwa. Ni kuma a Haɗeja kowa ya san ni ungozoma ce, kuma an san ba na son musu a kan aikina. Wani alhaji da ya dawo ya kawo mana saƙon baka cewa Sule ya auri wata Zainab, 'yar Hausawan can, tana da ƙaramin ciki, kuma uwarta ta daɗe da rasuwa. Daga ranar na hana Malam sakat. Maigidana tela ne, mutum ne da in ya yi magana da safe sai kuma gobe. Dama yana da niyyar hajji, ni dai na matso masa da ita kusa. Na ɗaure kanwa ungurnu, da yajin jego, da daddawa, muka hau babbar mota zuwa Maiduguri.

A bakin kogin da ake hayewa zuwa Fort Lami muka fara gamuwa da 'yan kwastan masu Faransanci. Ɗaya ya kwance ƙullin daddawata, ya ja da baya kamar an mare shi. Ɗayan ya ga kanwa fara tas, ya zaci alewa ce, ya ɓallo ya jefa a baki. Ban hana shi ba. Yana tofar da yawu yana ɗaga mana hannu mu wuce, aka bar mana kayanmu ba a ƙara taɓa ko ɗaya ba.

Hanyar Abeshe ba hanya ba ce, yashi ne da sawun motar da ta riga ka. Direbanmu Shuwa ne, duk abin da ka tambaye shi amsarsa ɗaya ce, wai an kusa. Mota ta kafe, maza su tura, mata mu bi a ƙasa da takalma a hannu. A Jinena, bakin ƙasar Sudan, aka sake yi mana lamba a dantse ko da yake mun nuna ta gida ba ta warke ba.

A Nyala muka sauka zangon Hausawa, gidan wata mata mai suna Kaltume, wadda kakanninta suka tsaya nan a hanyar Makka ba su ƙarasa ba. Ta ba mu kisira, wata aba mai tsami kamar an miƙe waina har ta zama takarda. Da yamma na iske ta a bayan ɗaki zaune a kan rami, ta lulluɓa da bargo, hayaƙi na fita ta wuyanta. Na zaci aljanu ake kora. Ta ce ai gyaran jiki ne, kowace matar aure a ƙasar tana yi. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce mu a garinmu kifi ake wa haka. Ba ta ji haushi ba, ta ce kowa da nasa.

Daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Hartum, wani ya kai mu bakin teku. Aka tsare mu a Sawakin wai a ga ko muna ɗauke da cuta, sannan aka loda mu a jirgin ruwa. Ban san komai game da Bahar Maliya ba sai cikin bokiti. Malam kuwa yana gefe yana cin gurasa da man shanu hankali kwance, ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba.

Sule na jiranmu a tashar Jidda. Na bar yaro, na tarar da magidanci mai gemu, kafaɗunsa duk kanta saboda buhu. Maimakon ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, sai ya kama kaina ya sumbaci goshina a gaban jama'a. Na ture shi don kunya, ya ce haka ake gaida manya a nan.

Unguwarsu tana kudu da tashar. Gidajen duk na katakon akwati ne da gwangwanin kananzir da aka buɗe aka daddake, suna ce musu sandaƙa. Na Sule ne na ƙarshe a layi, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Uban Zainab ne ya gina shi da hannunsa, a ciki aka haife ta. Bayan katangar gidan akwai shingen waya, bayan wayar kuma tankunan mai na wani kamfani, farare, kowanne ya fi ganuwar garinmu tsawo. Da hantsi inuwar na kusa tana rufe tsakar gidan, har nake cewa sun more.

Tun ranar farko Sule ya zaunar da ni ya nuna mini wasu duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa, an jera su sun ratsa unguwar. Ya ce gidajen sun riga tankunan zuwa, amma da aka ƙara sababbi sai baladiyya, wato hukumar gari, ta auno tazara daga waya ta kafa duwatsun nan, ta ce duk gidan da ke tsakanin dutse da waya ya tashi. Ya ce shi ya taɓa aiki a gabashin ƙasar inda ake haƙo man, can ba a barin gida ko ɗaya kusa da rijiya, ko ashana a aljihu karɓewa ake yi a ƙofa. A nan kuwa dattijon unguwa, Baba Usman, wani Bahaushen Sudan, shi ya yi ta safa da marwa har aka bar su da zama bisa sharaɗi ɗaya: ba wutar itace, ba ta gawayi. Girki sai a kan dafur, irin rishon nan mai famfo, a cikin ɗaki. Gidan da aka ga hayaƙi a cikinsa, ya tashi.

Na saurara ina gyaɗa kai, amma a raina duba-gari nake gani. Mu ma a gida an hana ajiye ruwa a randa ba murfi. Yakan shigo da kakinsa ya yi faɗa, ya tuntsurar da tulu ɗaya, yana fita a sake cikawa. Na ɗauka hukuma ko'ina haka take.

Zainab yarinya ce doguwa mai sanyin murya. Hausarta tana tafiya sai ta yi tuntuɓe ta faɗa Larabci. Da safe ta aiko mana da tamis, wata faffaɗar gurasa da ake saye a tanderun kasuwa, da wake da aka dama da mai. Ruwa kuwa 'yan garuwa ke kawowa a gwangwani, ana lallaɓa shi kamar man shanu. Ba mu daɗe ba naƙuda ta zo mata, a hannuna ta haifi 'ya mace lafiyayya. Da na tambayi inda tukunyar wanka take, sai ta ce su a nan ruwan ɗumi suke sa wa a buta su goge jiki, shi ke nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ga matan da sanyi ya shiga bayan haihuwa, na ga yadda ƙafa ke kumbura. A ce matar ƙanena, haihuwar fari, ba uwa, ni kuma na ƙetaro ƙasa uku da teku, sannan a goge ta da buta? In koma Haɗeja in ce me? Na gwada dafur ɗin, na ga ruwan da yake iya tafasawa ko jaririyar ba zai isa ba. Na kira Sule na ce ya samo mini rabin duro da itace.

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, maganar wutar nan fa.”

Na ce, “Ni na goye ka ina hura wuta kana barci a bayana. Yau kai za ka koya mini ita?”

Na juya wajen Zainab, ta ce a hankali, “Mamnu'u ne, Yaya, yani an hana.” Na ce mata tsoron ruwan zafi ne kawai irin na 'yan birni, kowace mai jego haka take cewa ranar farko. Ta dubi mijinta, ta dube ni, ta koma kan jaririyarta. Washegari Sule ya dawo daga aiki da rabin duro a ka da ɓallin akwatuna a hammata.

Ganye ne ya so ya gagare ni. Sai da na bi Malam cikin tsohon gari na ga darbejiya ta leƙo ta katangar wani babban gida. Ina cikin karya reshe wata tsohuwa ta leƙo ta tagar katako tana ta zuba Larabci. Na nuna mata alamar goyo da alamar wanka, ban san abin da ta gane ba, ta dai sa aka yanko mini dami guda.

Na kafa murhu a lungun da ke jikin katangar baya, na kewaye shi da tabarmar kaba don kada a hango. Safe da yamma nake tafasa ruwa, in tsoma ganye in fyaɗa mata, in dama kunun kanwa in tsaya a kanta sai ta shanye. Ta yi kuka ranar farko, daga baya ta daina. Fatarta ta yi kyau, nono ya zo. Tsofaffin matan layin suka riƙa leƙowa, wasu na cewa rabonsu da ganin wannan tun suna yara, wasu kuma su tsaya daga ƙofa su dubi hayaƙin su juya ba sallama. Ni masu yabon kawai nake ji.

Kwana goma bayan suna Baba Usman ya zo wajen Malam. Suka daɗe suna gaisawa a ƙofar gida. Da ya tafi, Malam ya shigo ya ce dattijon ya ce a gaishe ni da aiki, kuma ya ce iskar teku a wannan watan ba ta da amana. Na gane sarai abin da ake nufi. Na ce a gaya masa mun kusa rabi, in an yi arba'in ni da kaina zan rushe murhun. Malam ya dube ni kamar zai ƙara wani abu, ya koma kan ɗinkinsa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ruwa ya tafasa, na shiga ɗaki kiran Zainab. Ina fitowa na ga iska ta juya ta kwantar da tabarmar a kan wuta. Kafin in kai ga bokiti ta kama gaba ɗaya, wani yanki ya tashi sama yana ci, ya haye katanga, ya haye waya, ya sauka a busasshiyar ciyawar da ke ɗaya gefen.

Sai jiniya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ta ramin katanga na ga mai gadin tankunan, tsoho ne mai furfura, ya tuɓe rigarsa yana dukan ciyawar yana salati. Ma'aikata suka fito da gudu da bokitan yashi da mesa. A bayana kuma unguwa ta fashe. Mata da yara kowa ya nufi bayan duwatsu, ba mai waiwaye. Na ga wani magidanci goye da uwarsa makauniya yana gudu ba takalmi. Zainab ta fito da jaririya a ƙirji da ɗaurin zane ɗaya, Malam ya ja ta suka bi mutane. Ni na tsaya a tsakar gida. Sai a lokacin na dubi tankin nan da nake shan inuwarsa na tuna abin da ke cikinsa.

Allah ya taƙaita, aka kashe wutar ba ta kai ko'ina ba, ba wanda ya ji ciwo. Mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suna wucewa ta ƙofarmu ba mai dubana. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Kafin azahar ma'aikacin baladiyya ya zo da 'yan sanda, an kuma kira Sule daga tashar. Saurayi ne mai farar riga, bai ɗaga murya ba. Ya shiga lungun ya dubi duron da ganyen da ke yawo a cikinsa, ya tambayi Baba Usman ko mene ne. Da aka bayyana masa sai ya gyaɗa kai, ya yi wa Sule barka da samun ƙaruwa, sannan ya tambayi wanda ya hura wutar. Ina bayan labule, hannuna duk baƙin tukunya. Sule ya dafa ƙirjinsa ya ce shi ne. Ko ba a fassara mini ba na gane.

Daga baya aka ce mini da an san baƙuwa ce ta hura, da a jirgi za a sa ni a mayar da ni ban ga Ka'aba ba. Amma ni a lokacin ban san da wannan ba, kada in yi wa kaina ado. Tsoro ne kawai ya riƙe ni. Ni da nake cika unguwa da murya, na tsaya ina kallon yaron da na goya ana tafiya da shi, ban ce uffan ba. Malam ya ɗaga labulen ya dube ni sau ɗaya ya sake shi.

Sule ya kwana biyu a hannunsu, Baba Usman ya yi ta zirga-zirga har aka sake shi. Da ƙyar dattijon ya ceci sauran gidajen layin, da rantsuwa da roƙo. Namu kuwa an riga an shafa masa jan fenti a ƙofa. Aka nuna wa Sule wani fili can bayan gari ta hanyar Makka, aka ce ya kwashe kayansa kafin Juma'a.

Da hannunsa ya ɓamɓare gidan. Yana zare ƙusa yana miƙe ta a kan dutse yana jefawa a gwangwani, don can za a sake amfani da ita. Maƙwabtan da suka ƙi dubana su ne suka zo taya shi. Na jira ya ce mini wani abu, ko da baƙa ce, amma in mun haɗa ido sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Na same shi shi kaɗai na fara ba shi haƙuri, ya katse ni ya ce, “Halas, Yaya, ya wuce.” Zainab tana zaune a kan akwati tana kallon ɗakin da aka haife ta ana sauke rufinsa, ba ta yi kuka a gabana ba.

Sabon wurin fili ne fetal, ba inuwa, ba maƙwabci sai wasu rumfuna can nesa. Ɗan garuwa sai an roƙe shi yake zuwa. Daga nan zuwa tashar jiragen ruwa kuwa, Sule sai ya fita tun duhun asuba ya tari motar kaya. Suka kafa ɗaki ɗaya shi da Malam, sauran kaya aka tara a waje. A cikin tarin na hango rabin duron nan. Ban san wanda ya ɗora shi a mota ba, na kau da kai.

Da la'asar ina zaune a bayan ɗakin, nesa da kowa, Zainab ta zo ta tsaya a kaina da jaririya.

Ta ce, “Yaya, ban cika arba'in ba.”

Na ce mata na yi wa kaina alkawari hannuna ba zai ƙara taɓa ashana a ƙasar nan ba. Na ce ta dubi inda na kawo ta. Na ce gidan ubanta ne na ci, kuma ban san da bakin da zan roƙe ta ba.

Ta zauna kusa da ni a kan yashi. Ta ce, “Ina nan aka kafa duwatsun, Yaya, na fi ki sanin su. Da na ce a'a har zuciyata, wallahi Sule ba zai kawo duron ba. Amma tun da ummi ta rasu ba wanda ya ɗora ruwa a wuta domina sai ke. Ni na sa duron a mota. Ki tashi ki hura, nan ba mai hanawa.”

Sannan na tashi na nemo duwatsu na kafa murhu, Malam ya juye mini ruwan da aka saya don sha da girki. Na duba gabas da yamma ba ko kara a filin nan. Abin da ke akwai kawai guntayen katakon gidan ubanta ne, waɗanda suka farfashe wajen ɓamɓarewa. Zainab ce ta miƙo mini na farko, da su na tafasa mata ruwan.